Ƙashi Kafin Tsoka

Ran da Baba ya hau motar Bishkek,
daga can ya wuce Mosko ɗaukar bulo,
ya miƙa min igiyar dukushin
kamar mai miƙa jariri:
"Ulukbek, kafin in dawo
ka mai da shi doki."

Watansa bakwai a duniya,
ƙafafu kamar sandunan tanti,
ɗigon fari a goshi.
A makon aka raba shi da goɗiya,
yana ta haniniya yana duban tsaunin At-Bashy
inda garke ya ɓace da uwarsa.

Tausayi ya sa na kwance bakin buhu.
Sha'ir mudu guda da safe, ya lashe komi tas.
Na ƙara rabi. Ya lashe.
Dusa biyu muke da ita a hunturun nan,
ta sama tana rufe rufin kwano,
ta buhu ina zuba masa ba awo.
Ingirici kuwa sai ya shinshina ya kau da kai,
ni ma ban matsa ba.
Wa ke cin gaya ga romo a gaba?

Ya yi sheƙi. Ya yi gindi.
Na ɗauki hoto na aika Mosko,
Baba ya turo babban yatsa.

Sai wata asuba ya fito yana taka ƙasa
kamar mai tafiya kan ƙaya.

Kakata Kenjegul ba ta ce uffan ba.
Ta durƙusa, da ƙyar, da sandarta,
ta cire safar hannu,
ta shafa saman gwiwarsa ta dama,
ta kamo hannuna ta ɗora a wurin.
Zafi. Kumburi kamar ƙwan agwagwa.
"Ka gina bene kan ɗanyen tubali," in ji ta.

Likitar dabbobi, Ainagul, ta zo da azahar
a wata mota mai tari.
Ta leƙa buhu, ta leƙa ni.
Ta ce hatsi yana sa tsoka gudu,
ƙashi kuwa da rarrafe yake zuwa.
Ta rubuta a bayan kwalin shayi:
a rage sha'ir, a janye dusa,
ingirici ya zama tuwonsa dare da rana,
a haɗa da damin lusan mai ganye,
cokalin garin alli,
dutsen gishiri ya lasa in ya so.
A fasa ƙanƙarar kwalbati sau uku, ya sha.
In zafin ya sauka a sake shi a fili,
turke ba ya gina ƙafa.

Makon farko ya yi fushi da ni.
Yana bugun komi da kofato,
yana cizon aljihuna.
Na juya baya ina ƙirga tsaunuka
don kada hannuna ya koma buhu.
Ban san hanawa tana da nauyi haka ba,
ta fi bokitin ruwa biyu a kan tudu.

Yanzu ƙanƙara ta fara zama laka.
Ina iya taɓa haƙarƙarinsa da yatsa,
ba na ganinsa da ido,
haka Ainagul ta ce ya kamata.
Jiya ya zaga shingen sau huɗu
ya tsaya cak, ƙafa huɗu a miƙe.
Kaka ta gani ta taga, ta ci gaba da murza zarenta.

Da dare Baba ya kira, murya duk siminti:
"Ya zama doki?"
Na dubi kwalin shayin a jikin ƙusa.
Na ce, "Tukuna, Baba.
Yana can yana aikin ciki."